Ranar da Na Yi wa Shanu Alwala

Har in koma ga Allah ba zan taɓa mantawa ba da shekarata ta farko a alƙalanci, can wajen Korahane. Rawanina ya fi ilmina girma, amma lokacin ban sani ba.

Wata ranar kasuwa wani manomi ya kawo ƙarar Arɗo Buba, wai shanunsa sun cinye masa wake. Rana ta take, yunwa na cina. Ban je gonar ba, ban buɗe littafi ba, na ce Arɗo ya ba da karsana. Da ya yi gardama na daka masa tsawa: "Haka littafi ya ce!"

To, malaman yankinmu suna da al'ada: bayan girbi sukan zauna su bincika hukuncin kowane alƙali. Arɗo ya kai kukansa can.

Kwana uku na kasa zaune na kasa tsaye. Na barbaza takardun littafin a tabarma ina neman inda aka ambaci karsana (ko ɗan maraƙi ne ma da na yi murna). Babu. Uwargida ta ce, "Malam, ka je ka ce ka yi kuskure mana." Na ce mata mace ba ta san shari'a ba.

Ranar zama, Malam Babba, shugaban malaman, ya ce, "Alƙali, karanta muna hujjarka."

Na zaro takarda ɗaya, na kama rera Larabci da ƙarfi, ko amo zai rufa mini asiri. Sai da na ci layi huɗu na gane babin alwala nake karantawa. Kuma ban tsaya ba!

Malam Babba ya bari na kai ƙarshe, sannan ya ce a hankali, "Ashe alwala shanun suka shiga yi cikin gonar?"

Har Arɗo sai da ya rufe baki da hula.

Aka auna ɓarnar, ba ta kai kwando biyu ba. Aka dakatar da ni sai wata damina, aka kuma ce ni zan mayar da karsanar. Na ja ta har ruga, tana tirjewa, mata na leƙe ta kan darni.

Tun ranar, duk wanda ya tambaye ni hukunci, ko na gaisuwa ne, sai in ce, "Dakata in duba."