Rasuwar 'Yar Baƙa, Rikodar da Ta Saurari Masaƙa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ɗalibar nan mai binciken saƙar hannu tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar rikodarta, 'Yar Baƙa, wadda ta cika ranar Talata da hantsi, tana rataye a jikin masaƙar Baba.

Marigayiyar ta shekara bakwai tana sauraro, ba ta taɓa katse dattijo ba. Baba masaƙi kuwa ba ya bayanin zane a zaune haka kawai. Sai ƙafa na takawa, ƙoshiya na kai da kawowa, sannan ƙidayar zare ke zubo masa a baki. Shi ya sa aka ɗaure marigayiyar da tsumma a sandar masaƙa, ta yi ta shaƙar burbushin auduga saboda ƙauna, har ya cika mata ciki. Ciwon ajali ya fara da shaƙewa: ƙirrr, ƙit. Abin da ta furta na ƙarshe muryar Baba ce: "Shuɗi uku, fari ɗaya, sai ki..." Daga nan shiru.

Ta rasu ta bar batir biyu marasa lafiya, da murfi mai ɗaurin roba, da bayanin zane goma sha ɗaya cikakku. Na sha biyun rabi ne, Baba kaɗai ya iya shi, hannunsa kuma ya soma rawa.

Iyalan mamaciya na miƙa godiya ga ofishin tallafa wa masu fasaha, inda sababbin rikoda shida ke barci a kabad cikin ledarsu. Ɗalibar ta je aro da jajayen idanu, jami'in ya ce, "Malama, kayanmu ba sa fita. Kawo tsohon ya yi bayani a nan."

"Ranka ya daɗe, ba ya magana sai yana saƙa."

"Wannan kuma matsalarku ce."

Ba za a yi zaman makoki ba. Za a naɗe marigayiyar a ƙyallen da ba ta ji ƙarshensa ba, a ɗauko ta gobe ƙarfe tara. Da Baba ya tambaya, "'Yata, ina ne maƙabartar?" sai ɗalibar ta share hawaye, ta ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo:

"Ofishinsu, Baba! Na kira motar kaya. Da kai da masaƙa za mu tafi, a gaban teburin jami'in nan za mu kafa ta, ba kuma mai kwance ta sai zanen nan ya ƙare!"