Injin da Zai Sauko Daga Gajimare

Wani ne ya sayi motar lantarki. Tun daga ranar unguwa ba ta sake hutawa ba. Ko gaisawa kuka yi sai ya jawo zancen: “Ni fa yanzu na manta hanyar gidan mai.” Alhali ban da sitiyari da burki da wayar caji, bai san komai a jikin motar ba. Duk abin da allon gaba ya rubuto, “Na amince” yake dannawa, don a ganinsa rashin kirki ne mota ta roƙe ka abu ka ce a’a.

Ana nan sai surukinsa ya zo ya sauka a gidan. Tsohon makaniki ne, ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin motocin mutane, yanzu yanar ido ta rufe masa idanu, sai gani dishi-dishi. Wata huɗu yana jiran layin likitan ido. Aka ba shi Talata ƙarfe goma na safe, aka ce in ya makara sai bayan wasu wata huɗun.

Matar gidan ta ce, “Ko a kira wa Baba tasi?”

Mutumin naka ya daki ƙirji. “Tasi? Ga mota a rumfa? Ai Baba ba zai ma ji ana tafiya ba, sai dai ya ga asibiti. Au, ya ji asibiti.”

Talata ƙarfe takwas ya fito ya goge mota, ya shiga. Sai ga rubutu a allo: “Za a sabunta motarka. A fara yanzu?”

Ya karanta sau uku. Ya leƙo ta taga yana kiran matar.

“Ke! Zo ki ga ikon Allah. Sabuwa za su mayar min da ita, kyauta!”

“Ba sabuwa ba ce dama?”

“To yanzu za ta fi sabuwa sabunta.”

“Ka bari ku dawo mana.”

Kafin ta rufe baki ya danna. Allo ya yi baƙi. Fanka ta tsaya. Can sai ga ɗan rubutu: “Ana saukewa. Kashi ɗaya cikin ɗari. Kada a tuƙa.”

Ya taka, shiru. Ya murɗa, shiru. Ya fito ya zagaya motar yana neman kashi ɗayan da ya zama sabo. A ƙarshe ya yanke cewa madubin hagu ne, don ya fi na dama ƙyalli.

Tsoho ya fito da sandarsa da takardar asibiti a hannu.

“Mu tafi ko?”

“Baba, a ɗan yi haƙuri kaɗan. Ana saukewa ne.”

Tsoho ya tsaya cak. “Sauke me?”

“Ba su faɗa ba.”

“Kai yaro, a bakin masu gyara in an ce za a sauke, inji ake nufi. Buɗe min gaban motar nan.”

Mutumin bai taɓa buɗe gaban motar ba tun da ya saye ta. Da ƙyar ya gano inda ake ja. Murfi ya ɗaga. Wayam! Rami ne kawai shimfiɗe da baƙin kafet. Tsoho ya zura hannu yana lalube. Babu kafireto, babu fulogi, babu lagireto, ko ɗigon baƙin mai babu.

“Sun riga sun sauke,” in ji tsoho. “Kuma aikin gwanaye ne, har sun share wurin.”

Mutumin ya ɗora hannu a ka. “Yanzu-yanzun nan? Ina zaune a ciki?”

Ya zaro waya ya kira kamfani. Wata mata mai sanyin murya ta ɗauka.

“Baiwar Allah, kun kwashe tsohon. Ina sabon?”

“Yana kan hanya, Malam. Ta iska muke aikowa.”

“Ta iska? Daga ina?”

“Daga gajimare yake saukowa. Ka dai tabbatar babu abin da ya tare motar, in tana cikin rufaffen wuri zai yi jinkiri.”

Ya kashe waya, ya ɗaga kai. Ga kwanon rumfa, sabo fil, ya rufe motar ruf.

“Shi ya sa!”

Ya ruga gidan maƙwabcinsa tela ya aro tsani da guduma. Tela ya biyo shi da tef a wuya, don shi ba a yin abu a layin nan ba da shi ba. Mutumin ya haye ya fara ɓamɓare ƙusoshi. Matar ta fito tana salati.

“Rumfar da ka yi wata guda kana fama da ita?”

“Ke ba ki san kimiyya ba. Duba min allo!”

Ta leƙa. “Kashi goma sha biyu.”

Ya yaye falle ɗaya ya wurgo ƙasa. “Yanzu fa?”

“Talatin.”

“Kin gani!”

Ya yaye na biyu, ya zama arba’in da biyar. Kafin ƙarfe tara babu sauran kwano, sai katako tsirara. Tela ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dubi ramin motar, ya ciro tef ya auna.

“Maƙwabci, inji fa ƙarfe ne. In ya faɗo daga can, sai ya huda motar ya wuce ƙasa.”

“Gaskiyarka!”

Suka shiga ɗaki suka kinkimo katifar gadon matar, suka lanƙwasa suka cusa a ramin, suka ƙara da filo biyu. Mutumin ya ja tsoho gefe.

“Baba, matsa daga nan, kar ya sauka a kanka.”

Tsoho ya ce, “Ni na sauke inji ya fi dubu. Ban taɓa ganin wanda ya sauko da ƙafarsa ba. Ƙarfe nawa?”

“Tara da kwata.”

“Hmm.”

Sai ga hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Mutumin ya yi tsalle.

“Ga shi nan! Wallahi ga shi nan! Ka ga nauyinsa ma, da ƙyar gajimaren ke tafiya!”

Ya hau kan tsani yana ɗaga hannu yana nuna wa hadari hanya. “Nan! Nan gidan! Ba na tela ba!”

Aka yi tsawa. Tela ya ce, “Ka ji an tayar da shi ana gwadawa.”

Sai ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Katifa ta sha ta ƙoshi. Tela ya tsere gida. Matar ta kama hannun mahaifinta ta tura shi cikin motar, a kujerar direba, don ita ce kusa. Mutumin kuwa yana tsaye a gaba, hannu biyu a buɗe, ruwa na dukansa, wai ko da ƙananan kayan za su riga babban isowa.

Allo ya kai casa’in da tara ya tsaya. Minti biyar, casa’in da tara. Minti goma, casa’in da tara. Tara da rabi ta gota.

Mutumin ya leƙo ta taga yana ɗigar ruwa. “Baba, saura kashi ɗaya. Ina jin injin ne.”

Daidai nan allo ya haska, wata murya ta fito daga cikin motar: “An kammala. Domin rajistar murya, a faɗi sunan mai mota.”

Tsoho bai ma ji ta ba. Haƙurinsa ya ƙare, ya buga sanda a ƙasan motar ya daka wa surukinsa tsawa: “Sakarai!”

Mota ta ce, “An adana. Barka da zuwa, Sakarai.”

Fitilu suka kama. Fanka ta tashi. Mutumin ya ruga ya ɗaga katifa, babu inji. Ya dawo ya ga mota a kunne. Ya ce, “Ikon Allah, sabon ma ba a ganinsa.” Ya jawo katifa ya yar, ya rufe murfi, aka mayar da tsoho ɗaya kujerar, ya shiga.

Nan sabuwar rigima ta tashi. Kujera ta riga ta auna tsoho, shi kuwa gajere ne. Mutumin na zama ta matso da shi gaba zuuu, har gwiwoyinsa suka tokare haɓarsa.

“Koma baya!” ya ce.

Mota ta ce, “Ban gane wannan muryar ba.”

Ya nemi makunnin waifa, ashe sabuntawa ta mayar da shi na murya.

“Goge gilashi!”

“Ban gane wannan muryar ba.”

Tsoho ya yi gyaran murya. “Goge.”

Waifa ta goge sau ɗaya, ta koma ta kwanta.

Haka suka kama hanya. Mai ido yana tuƙi ba ya gani, marar ido yana ba da umarni. “Goge. Goge. Goge.” In tsoho ya tsaya haɗiyar yawu, sai duniya ta ɓace. Da ya yi tari, but ɗin baya ya buɗe. Da ya yi atishawa, rediyo ta kama. A kowace mahaɗa kuwa sai muryar nan ta ce, “Sakarai, yi dama.” “Sakarai, rage gudu.” A wajen danja har mai babur ɗin da ke gefe ya leƙo ya ce, “Malam, ta san ka ne?”

Goma saura minti biyu suka tsaya a ƙofar asibiti. Mota ta ce, “Mun iso. Sannu da ƙoƙari, Sakarai.”

Mutumin ya fito a dunƙule kamar an ciro shi daga kwali. Yana riƙe da hannun tsoho suna hawa matakala, da ɗaya hannun ya kira kamfani. Matar nan ce dai ta ɗauka.

“Baiwar Allah, wace irin sabuntawa ce wannan? Rumfata ta tafi, katifa ta tafi, inji ban gan shi ba, kuma motata da kaina tana ce min Sakarai a gaban jama’a!”

“Ayya, yi haƙuri, Malam. Kuskure ne aka samu. Za mu gyara a sabuntawa ta gaba.”

Tsoho ya lalubo wayar ya fizge.

“’Yata, kar ku taɓa komai, babu kuskure. Shekara tara ina ƙoƙarin fahimtar da matarsa, motar nan ta gane a minti ɗaya.”