Ranar da Farfesa Lendore Ya Busa Katantanwa

A duk tsibirin nan namu babu wanda ya san kifi kamar Farfesa Septimus Lendore. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma mutum mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya, ai ba zai yi ƙarya ba. Masunta kamawa kawai suke yi, mu mata mu soya. Sani kuwa sai Farfesa. Sharaɗinsa guda ne: kifin ya shekara dubu da mutuwa. Wanda aka kamo yau, mai ƙarni da ido a buɗe, ba ya cikin karatunsa. In ya hango shi a kasuwa sai ya toshe hanci da hankici ya tsallaka titi.

Yana saurayi ya zo mana daga babban tsibiri, aka sauko da shi daga jirgi a kwance saboda amai. Tun ranar suka ɓata da teku. Ya gina gida can kan tudu inda iska ba ta kai ƙarni, ya duƙufa tonon jujin mutanen da. E, juji. Abin da wata baiwar Allah ta share daga ƙofar ɗakinta ta watsar bayan yaranta sun ƙoshi, shi Farfesa ya yi wajen shekara arba'in yana tsincewa da ɗan burushi, yana rairaya, yana sa wa kowace ƙaya lamba. Mu muka naɗa shi Sarkin Juji. Da labari ya kai masa, cewa ya yi mutanen karkara suna da tasu hanyar girmama masana.

In aka zuba masa tuwon masara da romon kifi a wajen biki, sai ya ture tsokar gefe, ya ɗaga ƙayar yana duba ta a hasken rana.

"Jama'a, ku dubi wannan ƙashin baya. Mutanen farko sun ci irinsa, amma nasu ya fi girma. Na faɗi haka a Landan, an tafa mini a tsaye."

Tanti Eudine mai burodi ta ce, "To Farfesa, in kun gama gaisawa da shi, miƙo mini tsokar."

Da lokacin ajiye aikinsa ya matso, abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Gidan tarihinmu ɗaki guda ne, a bakin hanyar da ke gangarawa teku, cike da akwatunan ƙayarsa. Yana so a kafa sunansa a kan ƙofar. Ma'aikatar al'adu ta ce ba laifi, amma sai ta turo wakiliya ta ga ko jama'a na tare da shi, tunda ya sha gaya musu cewa rububin jin jawabinsa ake yi. Rububin kuwa mun san shi. Duk shekara yana yin jawabin, kuma mai zuwa ba fashi shi ne Mista Boysie, tsohon kafinta da kunnensa ya mutu, wanda ke son fankar ɗakin.

Ranar ta zo. Farfesa ya aro bencinan coci kaf ya jera a gaban ɗakin. Ya sa kwat da malafa. Wakiliyar, Mis Verlyn Cudjoe, 'yar birni mai takalmi mai tsini, ta zauna a gaba da jaka a cinya. Aka jira, aka ƙara jira. Benci ɗaya bai cika ba, shi ma da akuya a ƙarƙashinsa. Mis Verlyn ta fara duba agogo, don jirgin la'asar ba ya jiran kowa. Gumi ya jiƙa wuyan kwat ɗin nan sharkaf.

Sai Farfesa ya shiga ciki ya fito da babbar katantanwar teku mai yankakken baki, kwatankwacin wadda ya taɓa tonowa.

"Ranki ya daɗe," in ji shi, "da irin wannan shugabannin farko suke tara mutanensu. Masuntan yau suna hura ta barkatai, kamar yara da gwangwani. Ni kaɗai na gano ainihin busar, bayan nazari mai tsawo. Yau, karo na farko cikin shekara dubu, wannan tsibiri zai ji muryar magabatansa."

To a garin nan namu, ba barkatai ake hura katantanwa ba. Gajeriyar busa, kwalekwale ya dawo da kifin sayarwa. Amma in aka ja doguwa aka biyo ta da gajeru a jere, taru ne ya yi nauyi, ana neman hannu, kuma duk wanda ya taɓa igiya zai koma gida da kasonsa kyauta. Wannan busar ko mai naƙuda ta ji sai ta ɗaga kai. Ita ce kuma, ba ƙari ba ragi, Farfesa ya gano bayan nazari mai tsawo. Ya kumbura kumatu ya sake ta.

Garin ya fashe. Mata da robobi da bokitai, maza suna naɗe ƙafar wando a guje. Wani ya fito daga shagon aski da rabin kai. Fada, limamin cocinmu, ya taho da daro a ɓoye cikin rigarsa, wai don kada a ce ya yi kwaɗayi. Kowa ya bi inda ƙarar ta fito, suka yi cirko-cirko a gaban gidan tarihi suna haki, suna neman teku a tsakanin bencina.

Farfesa ya cire tabaran hanci ya share ƙwalla.

"Kin gani? Jini ya amsa. Har da ƙorai suka zo, kamar yadda ake zuwa gaban shugaba a da."

Mis Verlyn ta miƙe ta ɗauki hoton taron da wayarta, nan take ta tura ma'aikata.

Tanti Eudine ta kutsa gaba, garin fulawa har gwiwar hannu. "Farfesa, ina tarun?"

"Madalla da wannan tambaya, Tanti. Taru yana sashe na uku na jawabina."

"Kifin fa?"

"Kifi ai ga shi." Ya buɗe akwati da hannu biyu, a hankali, kamar mai buɗe kayan lefe. Ƙayoyi ne jawur a kan auduga, kowace da lambarta.

Wata daga baya ta ce, "Yaya, mun makara, an cinye."

"Tun yaushe?"

"Ya ce shekara dubu."

"Ni da na ɗora tukunya a kan wuta na taho."

Amma mutanenmu suna da kunya. Tsoho ya yi kuka a gabanka don murnar ganinka, ta yaya za ka juya masa baya? Suka zauna. Aka kifa robobi a ka don rana. Farfesa bai taɓa ganin ido da yawa haka suna kallonsa ba, sai muryarsa ta ƙara kauri. Ya bi ta kan ƙugiyar da ake sassaƙawa da ɓawon katantanwa. Ya bi ta kan Landan. Ya sake bi ta kan Landan. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Yanzu kuma, ya ku jama'ata, sashe na uku."

Daga bakin teku katantanwar Kaftin Hezron, shugaban masu taru, ta ja doguwa, ta biyo da gajeru.

Kunya ta ƙare a nan. Bencina suka kife. Fada ya tsallake guda, rigar ma bai tattare ba. Mis Verlyn ta tambayi abin da ke faruwa, aka ce mata kifi ne kyauta, sai ga ta ta cire takalman tsinin ta riƙe a hannu, tana cewa ko akwai mai ara mata leda. Farfesa ya ƙarasa sashe na uku tsaf, domin shi mutum ne mai cika aiki, kuma Mista Boysie ya gyaɗa kai daga farko har ƙarshe.

Hoton dai ya riga ya isa ma'aikata, kuma a hoto ba a jin abin da mutane ke tambaya. Suka ce ba su taɓa ganin masanin da jama'a ke ƙauna haka ba. Aka kafa allo mai ruwan zinariya a kan ƙofar, da sunansa cikakke da duk digirorinsa. Kullum da safe yana gangarowa ya goge shi da hankici.

Sai dai in baƙo ya sauka daga jirgi ya ce a nuna masa Ɗakin Farfesa Septimus Lendore, kowa zai ɗaga kafaɗa. Amma in ya ce Gidan Babu Kifi yake nema, har ƙofa za a raka shi.