Yadda Ake Samo wa Zanen Coci Uba

Daga 1951 zuwa 1963, Farfesa Ermete Baldrati ya samo wa tsofaffin zanen fentin mai arba'in da uku iyaye, kuma babu mai zanen da ya taso daga kabari ya musa. Ka bi hanyarsa, na lamunce maka ba za a ƙaryata ka ba.

1. Kada ka saurari masu abu

A cocin ƙauyen Roccaspina akwai zanen Waliyyi Rocco da karensa, wanda ake zagaya gari da shi kowace Agusta tun zamanin annoba. Mutanen sun san in aka ce aikin babban gwani ne, hukuma za ta kwashe shi zuwa gidan tarihi. Saboda haka limaminsu, Fada Celso, ya yi ta rantsuwa cewa wani mai fentin amalanke ne ya zana shi. Baldrati ya yi murmushi. Kai ma yi. Wanda ya tsufa yana kallon zane sabawa ya yi da shi, ba sani ba.

2. Bar fuska, dubi kunne

Fuska ta masu ibada ce. Masani farce da kunne yake dubawa, domin a nan hannun mai zane ke sakin jiki. Baldrati ya manna hanci, ya ga karen kunnensa ɗaya.

3. Yanka shekara

Duhu ya yi yawa? Ƙarni na sha bakwai ke nan. Kada ka ce "wajen 1600". Ka ce "tsakanin 1628 da 1631". Mai matse shekaru ba a tambayarsa hujja.

"Farfesa, wannan baƙin fa hayaƙin kyandir ɗinmu ne," in ji Fada.

"Fada, na taɓa gyara maka wa'azi? Ka ji da rayuka, ka bar mini inuwa."

4. In babu gwanin da ya dace, haifi naka

Raɗa masa suna daga abin da ka gani. Baldrati ya haifi Gwanin Kare Mai Kunne Ɗaya, ya ba shi gari da malami da ƙuruciya mai wahala. Kafin kaka motar hukuma ta zo ta ɗauke zanen.

5. Kada ka yarda a wanke

Nan ya yi sake. Gidan tarihi ya goge hayaƙin, kunne na biyu ya bayyana garau. In haka ta same ka, ka ce kunnen aikin ɗalibi ne, ka sauko da zanen daga "na gwani" zuwa "na shagon gwani". Ba a taɓa rasa kujera a kan wannan ba.

Hattara: abin da duk ya samu ƙauyen da ka ziyarta, babu ruwan mai wannan rubutu. Fada Celso ya je birni neman zanen, aka shaida masa cewa na shago ba ya isa a rataye, kuma na hukuma ba ya komawa ƙauye. Zanen yana ɗakin ajiya har yanzu. Tun daga 1959, firam ɗin katakon da aka cire zanen daga ciki kawai mutanen Roccaspina ke ɗauka su zagaya gari.