Shafin da Ko Aljani Bai Shiga Ba

Ni na haɗa wa wata makaranta a Kurfi shafin intanet na duba sakamakon jarrabawa. Na bugi ƙirji gaban iyaye, na ce ko aljani ba zai shiga ba sai da lambar sirri.

Ranar buɗewa kowa ya danna, shafi ya yi ta juyi. Na tsine wa sabis, na kushe wayoyin mutane. Sai da na koma Dutsin-Ma na gano na kulle kowane shafi, har da wanda ake rubuta lambar sirrin. Wato sai ka shiga kafin a bar ka ka shiga.

Hajiya shugabar makarantar ta ce, "Malam, ai ka cika alkawari."

Har yau in na sauka Kurfi, 'yan kabu-kabu tambayata suke, "Injiniya, aljanun sun samu shiga kuwa?"