Rasuwar Kubbar Ɗakin Waƙar Tursunoy

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, tare da miƙa lamari ga Mai kowa Mai komai, mawaƙiya Tursunoy ta unguwar maƙera a tsohon garin Bukhara tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar sana'arta, Kubbar ɗakin waƙa na gidansu, wadda ta cika a farkon bazarar nan bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ta girmi duk wanda zai karanta wannan sanarwa. Kakan Tursunoy ne ya gina ta, ya binne tulunan yumɓu a jikinta, bakunansu a buɗe suna kallon masu zama, yadda maginan zamanin da suke yi wa ɗakin da aka gina domin murya. Da waɗannan tuluna take numfashi. In mawaƙi ya saki murya sai ta karɓa, ta tace, ta kai ta har kunnen tsohuwar da ke raɓe a bakin ƙofa kusa da takalma.

Ba ta da surutu irin na sababbin ɗakunan biki, masu maimaita wa mutum maganarsa kamar ana tsokanarsa. Kalmarta ɗaya ce tak, wani “mmm” mai laushi a ƙarshen baiti. Amma babban alherinta rufin asiri ne. Da tsufa ya sirantar da muryar Tursunoy, numfashi ya fara yanke mata a tsakiyar doguwar waƙa, Kubba ce ke riƙe mata wutsiyar sautin har ta saci numfashi ta dawo. Jama'a su tashi suna cewa muryar nan ba ta tsufa. Su biyu kaɗai suka san gaskiya, kuma Kubba ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Ajali ya zo mata ta hannun masoyi, abin da ya fi ciwo ke nan. Shuhrat, ɗan Tursunoy, ya dawo daga aikin gini a ƙasar waje da hannu mai ƙaiƙayin gyara. Ya ɗaga kai ya ga bakunan tulunan kamar ramuka, tsattsewa na shiga da fita, kashinsu na faɗa wa baƙi cikin shayi. Ya jira uwarsa ta tafi gaida ƙanwarta a Samarkand, ya ɗura wa kowane tulu siminti, ya shafe, ya bi da farin fenti.

“Inna, ɗaga kai ki gani! Ko rami ɗaya ban bari ba,” in ji shi ranar da ta dawo.

Ta ɗaga. Ta tafa hannu sau ɗaya, yadda ta saba gaida Kubba. Tafin ya faɗo gabanta kamar jiƙaƙƙen tsumma.

“Ya yi kyau, ɗana. Sannu da aiki,” ta ce.

Mastura, mai buga mata ganga tun suna 'yan mata, ba ta iya irin wannan haƙurin ba. “Kai Shuhrat, wa ya aike ka? Ka toshe wa uwarka maƙogwaro, ka tsaya kana jiran tukwici!”

An yi iyakar ƙoƙari. An kafa tsani, an kawo guduma da kurfi, amma duk tulun da aka taɓa sai ya fashe tare da simintinsa. Daga nan aka haƙura.

Marigayiyar ta bar Tursunoy, wadda tun ranar ba ta sake buɗe baki da waƙa ba. Ta bar Mastura, wadda gangarta yanzu sai ka ce ana kaɗe katifa. Ta bar tsattsewa suna shawagi a tsakar gida, da Shuhrat, wanda abinci ya daina wuce masa, ya sayo lasifika da ba wanda ya yi ƙarfin halin cirewa daga kwalinta.

Ba za a ɗauki gawa ba, domin tana nan tsaye a inda take, fara ƙal. Za a yi zaman makoki ranar Alhamis bayan azahar, da dafa-dukan shinkafa da karas da naman rago, da koren shayi. Tursunoy ta roƙi arziki kada kowa ya yi wa ɗanta gori. Za ta rera wa marigayiyar waƙar bankwana da kanta, ba lasifika. Don haka ana roƙon masu zuwa su zo da wuri, su matso kusa da ita sosai. Daga sahu na biyu ba a jin ta.