Gidan Shugaba Ba Ya Karkata

Duk unguwarmu ta bayan birnin Houston babu mai ido irin na Delbert Hruska, shugaban ƙungiyar masu gidaje, wanda muke kira Ido-Ya-Fi-Ma'auni. Daga cikin motarsa yake hango akwatin wasiƙarka ya ɗan sunkuya, kafin ka gama shan kofi an ci ka tara. Allah ya yi masa baiwa, mu kuma ya jarrabe mu da ita.

Ƙasarmu yumɓu ce, da rani kowa na shayar da harsashin gidansa ruwa don kada ya motsa. Ban da Delbert. "Gidan shugaba ba ya jin ƙishirwa," in ji shi. Gida kuwa ya ji, ya karkata gefe guda kamar mai gyangyaɗi, har ƙwai ke mirginawa daga teburin matarsa Lurleen.

Ga zaɓe ya matso, a falonsa za a yi, kuma Tammy Odom, wadda ya taɓa cin ta tara saboda labulenta, ta fito neman kujerarsa. Sai Delbert ya ɗauko Eusebio magini da ma'aikatansa a asirce, don su daidaita gidan. Suka haƙa ramuka masu zurfi kewaye da gida, suka zura rodi, suka zuba kankare suka yi turaku. Duk wanda ya tambaya, sai Delbert ya ce itatuwa zai dasa. Mu dai ba mu taɓa ganin itacen da ake shukawa da motar siminti ba, amma wa zai ja da shugaba?

Da kankare ya bushe aka kafa jak a kan turakun, aka ɗaga gida har Eusebio ya ce ya daidaita. Delbert ya rufe ido ɗaya, ya miƙe babban yatsa.

"Ku ƙara ɗaga wajen da nake zama. Shugaba ba ya zama daidai da jama'a."

"Oga, gidanka ne," in ji Eusebio. Aka ƙara.

Ranar zaɓe ya hakimce a kujerarsa mai taya, ya gyara murya. "Jama'a, unguwa kamar gida take, tana bukatar mutumin da ba ya gusawa daga inda ya tsaya."

Ya ɗaga ƙafa zai ɗora ɗaya kan ɗaya, kujera ta kama hanya. A hankali ta fara, cikin mutunci. Ya wuce layin gaba yana jawabi, ya wuce Tammy yana nuna ta da yatsa, ya wuce teburin gasasshen nama. Lurleen, da ta saba tare ƙwai, wannan karon ta buɗe masa ƙofar baya kawai.

Aka jiyo shi ya sauka a ramin da ba a gama cikewa ba.

Tammy ta leƙa ta taga. "To, an dasa na farko," ta ce. "Masu zaɓena su ɗaga hannu."

Har Lurleen ta ɗaga.